Yunwa ce ko kwaɗayi? Yadda jini ya shiga labarin bamfaya

A shekarar 1725, a ƙauyen Kisiljevo da ke kusa da kogin Danube a ƙasar Sabiya, mutum tara suka mutu cikin kwana takwas. Kafin su cika, an ce sun ambaci Petar Blagojevic, wani manomi da aka riga aka binne, wai yana zuwa musu cikin dare ya danne su ya shaƙe su. Matarsa ma ta ce ya dawo gida neman takalmansa. Yankin bai daɗe da komawa hannun Ostiriya daga Daular Usmaniyya ba, bayan yarjejeniyar Passarowitz ta 1718, saboda haka jami'in sabuwar gwamnati, Frombald, mutanen gari suka matsa wa a tone kabarin a gabansa. Rahotonsa ya fito a wata jaridar Biyana a watan Yuli, kuma yana cikin rubuce-rubucen farko da suka kai wa Yammacin Turai labarin bamfaya, gawar da ke tashi ta addabi masu rai.

Ƙorafin marasa lafiyan shaƙa ce. Sai da aka buɗe kabari aka ga jini a bakin gawar sannan aka yanke cewa na mutane ne ya tsotsa. Haka aka sake yi a Medvedja a 1732, inda likitan soja Johann Flückinger ya duba gawawwaki da dama. Cikinsu har da wata tsohuwa mai suna Milica, wadda maƙwabta suka rantse sun san ta a rame tun ƙuruciyarta, ga shi an same ta a kabari ta yi ɓulɓul. Paul Barber, a littafinsa na 1988, ya bayyana abin da idanunsu suka gani: gawa in ta fara ruɓewa iska kan taru a cikinta ta kumbura ta, ta turo ruwa mai kama da jini ta baki da hanci, fata kuma ta janye har farce ya yi kamar ya ƙara tsawo. In aka soka mata tsinin itace, iskar ta fita da ƙara kamar nishi.

Mutanen ƙauyen ba su tsaya tambayar ko mataccen zai iya rayuwa ba jini ba, ai ya riga ya mutu. Damuwarsu mace-mace su tsaya. Wanda ya tashi yana jin an ce maye ya kama kurwar wane ba zai sha wuyar gane lamarin ba, sai dai su can gawa suke tuhuma. A 1755 Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika, ya ce camfi ne, aka hana tone kaburbura.

Daga nan marubuta suka karɓa. John Polidori ya fitar da The Vampyre a 1819, ya mayar da kumburarren manomi basarake mai kyan tufafi, Lord Ruthven. Ruthven na shan jini, amma da 'yan fashi suka harbe shi, hasken wata ne ya dawo da shi. Varney, wanda aka riƙa buga labarinsa kashi-kashi a Landan tsakanin 1845 da 1847, shi ma hasken wata ne likitansa.

Bram Stoker ne ya fi kowa tsara lissafin a Dracula na 1897. A farkon littafin Dracula tsoho ne mai farin gashin baki. Bayan ya ƙoshi, baƙonsa Jonathan Harker ya same shi kwance cikin akwati ya cika ya batse, kumatu sun ciko, furfura ta ragu, kuma a Landan aka gan shi ya koma saurayi. Bayanin Van Helsing, mai farautarsa a littafin, shi ne tsawon zamani ba ya kashe shi, jini kuwa ƙarfi da ƙuruciya yake ƙara masa. Ba a taɓa nuna yunwa za ta kai shi lahira ba. Mai buƙatar jini ta gaskiya a littafin ita ce Lucy, wadda Dracula ke shan jininta har aka yi mata ƙarin jini sau huɗu daga maza huɗu ba tare da wani gwaji ba. Stoker ba shi da laifi a nan: sai 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini.

Akwai dai wata halitta da jini ya zame mata tilas, wato jemagen Kudancin Amurka da aka raɗa wa sunan bamfaya, wanda Charles Darwin ya ga an kama ɗaya a bayan doki a Chile. Shi kam in ya yi kamar kwana uku bai sha ba, mutuwa zai yi.

A ganina, maganar buƙata ta yi ƙarfi ne lokacin da marubuta suka so mai karatu ya tausaya wa dodon. Wanda ke kisa don marmari mugu ne, wanda yunwa ta kora kuwa ana iya yi masa uzuri. Anne Rice, a Interview with the Vampire na 1976, ta sa bamfaya Louis ya koma shan jinin ɓeraye don gudun kashe mutane. Sai dai wannan dabara ta warware uzurin da kanta, domin in ɓera ya isa, me ya kai shi wuyan mutum? A Twilight na Stephenie Meyer, 2005, bamfaya Carlisle Cullen ya yi ƙoƙarin kashe kansa da yunwa ya kasa, sai azabar ƙishi kawai, daga baya iyalinsa suka zauna a kan jinin namun daji. Shirin talabijin na True Blood, wanda HBO ta fara nunawa a 2008, ya kai abin ƙarshe: masana a Japan sun haɗa jinin roba ana sayarwa a kwalba, kuma duk da haka da yawa daga cikin bamfayoyin shirin suka ce ba daɗi, suka ci gaba da farautar mutane.