Hotunan Yaƙin Duniya na Biyu: Yadda aka ɗauke su da yadda aka tace su

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gwabza daga shekarar 1939 zuwa 1945, ya bar miliyoyin hotuna a ma'ajiyoyin tarihi na ƙasashe daban-daban. To sai dai waɗanda suka shahara a duniya ba su taka kara sun karya ba, kuma kusan kowannensu sai da ya bi ta hannun jami'in tace labarai kafin ya isa ga jama'a. Wasu ma har gyara aka yi musu.

Ƙananan kyamarori irin su Leica da Contax, waɗanda suka bazu a shekarun 1930, su ne suka bai wa mai ɗaukar hoto damar bin sojoji har bakin daga.

Jamus ta riga kowa shiri. Tun a 1938 ta kafa rukunonin farfaganda a cikin rundunarta, inda masu ɗaukar hoto suke sanye da kaki, ayyukansu kuma suna bi ta ma'aikatar Joseph Goebbels. Birtaniya ta kafa nata sashen fim da hoto na soja a 1941. Tarayyar Sobiyet ta dogara da kamfanin dillancin labarai na TASS da jaridun soja, yayin da Amurka ta haɗa sojoji masu kyamara da wakilan kafofi irin su mujallar Life da kamfanin Associated Press.

Gawarwakin da aka ɓoye

Kusan shekara biyu bayan shigarta yaƙin, Amurka ba ta yarda a buga hoton gawar sojanta ba. An sassauta dokar ce a 1943 da amincewar Shugaba Franklin Roosevelt, bayan jami'ai sun fara fargabar cewa jama'a a gida sun saki jiki, suna ganin kamar an riga an ci nasara.

A fitowarta ta 20 ga Satumban 1943, Life ta buga hoton da George Strock ya ɗauka watanni kafin nan, na gawarwakin sojojin Amurka uku a kwance cikin yashi a gaɓar Buna, a tsibirin New Guinea. Ba a ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu. Wato lissafin yaƙi ne ya sa aka ɓoye hoton, lissafin yaƙi ne kuma ya sa aka fito da shi.

Tutar Iwo Jima

Ranar 23 ga Fabrairun 1945 Joe Rosenthal na Associated Press ya ɗauki hoton sojojin kundumbala na Amurka shida suna ɗaga tuta a ƙololuwar dutsen Suribachi, a tsibirin Iwo Jima na Japan. An kai fim ɗin tsibirin Guam aka wanke, bayan kwana biyu hoton ya mamaye shafukan farko na jaridun Amurka.

Wannan dai ita ce tuta ta biyu da aka kafa a ranar. Ta farko ƙarama ce, da safe aka ɗaga ta, kuma wani soja mai suna Louis Lowery ya ɗauki hotonta. Daga baya aka ba da umarni a maye gurbinta da babba, Rosenthal kuwa ya iso daidai lokacin.

An daɗe ana zarginsa da cewa shi ya tsara sojojin. Zargin ya samo asali ne daga wani hoto daban da ya ɗauka bayan nan, inda ya tara sojoji a gindin tutar suna murna. Amma fim ɗin da Saja Bill Genaust ya ɗauka yana tsaye kusa da shi ya nuna cewa ɗaga tutar ba shiri ba ne. Shi Genaust an kashe shi a tsibirin kwanaki kaɗan bayan haka.

Inda hoton ya yaudari mai kallo shi ne wajen ma'ana. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka an gama yaƙin tsibirin, alhali kwana huɗu ke nan da farawa. Sai da aka ƙara fiye da wata guda ana fafatawa. Amurkawa kimanin 6,800 suka mutu, daga cikinsu har da uku daga mutum shidan nan, Japanawa kusan 21,000 da ke tsare da tsibirin kuwa ƙalilan ne suka tsira da rai.

Hoton ya ci kyautar Pulitzer a 1945, gwamnati kuma ta yi amfani da shi wajen tallar takardun lamuni na yaƙi, inda ta tara kimanin dala biliyan 26. Duk da wannan shahara, sai a 2016 da 2019 rundunar ta amince cewa mutum biyu da aka yi shekaru 70 ana cewa suna cikin hoton, wato John Bradley da Rene Gagnon, ba su ne ba.

Agogo biyu a Berlin

Labarin tutar Sobiyet a saman ginin majalisar dokokin Jamus, Reichstag, ya sha bamban. Sojoji sun kafa tuta a can a daren 30 ga Afrilun 1945, cikin duhu da ruwan harsasai, ba wanda ya ɗauki hoto. Hoton da duniya ta sani na Yevgeny Khaldei ne, wakilin TASS, kuma ranar 2 ga Mayu ya ɗauke shi, bayan ginin ya faɗa hannu.

Da tutarsa ya zo daga Mosko, wadda wani tela ɗan'uwansa ya ɗinka da jan ƙyallen shimfiɗar tebur. Ya samu sojoji suka hau rufin tare da shi.

A ɗakin wanke hoto aka lura cewa sojan da ke tallafe da mai riƙe da tutar yana da abin da ya yi kama da agogo a kowane hannu, abin da za a iya fassarawa da kwasar ganima. Sai aka kankare ɗaya. An kuma ƙara baƙin hayaƙi a sararin sama. Ginin kansa dai majalisa ba ta ƙara zama a cikinsa ba tun gobarar 1933, amma a idon Mosko shi ne alamar mulkin Hitler.

Shi ma Robert Capa, wanda ya sauka tare da sojojin Amurka a gaɓar Omaha ta Normandy a Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, hotunansa 11 kacal aka sani na wannan safiya. An yi shekaru ana cewa sauran sun lalace ne a ɗakin wanke hoto na Life a Landan. Tun daga 2014 wasu masu bincike, ciki har da A. D. Coleman, suke musanta wannan labari, suna cewa abin da ya ɗauka ke nan kafin ya bar gaɓar.

Hoto a matsayin shaida

Akwai hotunan da suka juya wa masu su baya. Kwamandan SS Jürgen Stroop ya haɗa kundi mai hotuna domin nuna wa manyansa yadda ya murƙushe boren Yahudawan unguwar Warsaw a 1943. A ciki ne hoton yaron nan da ya ɗaga hannuwa sama, soja na bayansa da bindiga, yake. An gabatar da kundin a shari'ar Nuremberg, shi kuma Stroop aka rataye shi a Warsaw a 1952.

A Hiroshima, hotuna biyar ne kawai Yoshito Matsushige, ma'aikacin wata jaridar birnin, ya iya ɗauka ranar 6 ga Agustan 1945. Hukumomin mamayar Amurka sun taƙaita yaɗa irin waɗannan hotuna, sai bayan ƙarewar mamayar a 1952 akasarin Japanawa suka ga ɓarnar bam ɗin a mujallu. Kafin nan, abin da duniya ta fi gani shi ne tururin hayaƙi da aka ɗauka daga jirgin sama, wanda ba mutum ko ɗaya a cikinsa.

Waɗanda ba a cika gani ba

Cikin shahararrun hotunan yaƙin, da wuya a ga baƙar fata. Lokacin 'yantar da birnin Paris a Agustan 1944, kwamandojin ƙawance sun nemi rundunar Faransa da za ta shiga birnin ta kasance ta fararen fata, duk da ɗimbin 'yan Afirka da ke cikin sojojin Janar de Gaulle.

A Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yaƙi Japanawa a yankin Arakan da kwarin Kaladan tsakanin 1943 da 1945. Sojojin sun fito ne daga Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Da yawa daga cikin 'yan Najeriyar mutanen Arewa ne, Hausa kuma tana cikin harsunan da ake aiki da su a bataliyoyinsu. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace garin Myohaung.

Masu ɗaukar hoto na sojan Birtaniya sun ɗauke su suna ratsa daji da ƙetare koguna, wasu ɗauke da kaya a ka, domin a wuraren da mota ba ta shiga da dako aka kai kayan yaƙi. Hotunan suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan, kuma bayanan da ke ƙarƙashin da yawa daga cikinsu sun tsaya ne a kan runduna da wuri, ba tare da sunan sojan ba.

A Najeriya, sunayen filayen dagar sun wanzu a barikoki: Arakan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, sai Chindit a Zariya, wanda ya samo suna daga rundunar musamman da wata birged ta 'yan Najeriya ta yi aiki da ita a bayan layin Japanawa a 1944.