Daga Jirgin Ruwa Zuwa Tirela: Yadda Kayan Arewacin Kamaru Suka Sauya Hanya

Jama'a, wanda ya tsaya yau a bakin Binuwai a Garwa, ya ga yashi ya cike tsohuwar tasha, da wuya ya yarda cewa nan ce ƙofar arewa a da. Iyayenmu sun shaida lokacin da jiragen ruwa ke hawowa daga Burutu, su bi ta Lakwaja da Yola, su iso Garwa a tsakiyar damina. Su sauke gishiri da siminti da man fetur, su ɗauki auduga da gyaɗa, su juya kafin ruwa ya janye.

Abubuwa uku suka kashe wannan hanya. Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe ƙasan kogin. A 1974 layin dogo daga Yawunde ya iso Ngaundare, kaya suka koma bin Duwala. A 1982 kuma aka kammala dam ɗin Lagdo, ya riƙe ruwan da jiragen ke hawa a kansa.

Sai dai dogon ya tsaya a Ngaundare. Tun daga nan duk kayan da za su Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena, tirela ce ke ɗaukarsu. Shinkafar da ake nomawa a Maga tun da aka gina dam ɗinmu a 1979, ita ma a bayan mota take fita.

Ga inda gizo ke saƙa. Kowane tan na kaya da tirela ta ja, yana cin man dizal fiye da in jirgin ƙasa ko na ruwa ne ya ja shi, ninki ba ninki. Man da aka ƙona kuwa hayaƙinsa na taruwa a sama, ya riƙe zafin rana. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin da duniya ke fitarwa ta ƙona makamashi, daga sufuri yake fitowa. Rabonmu a ciki ƙanƙani ne, amma masana sun ce ɗumamar duniya na ƙara tsananta ruwan sama da fari, mu kuwa mun san abin da ambaliyar 2012 da ta 2024 suka yi wa gidaje da gonaki a yankin Maga da Yagwa.

Kamaru ta sa hannu a yarjejeniyar Faris kan yanayi, kuma ita da Chadi sun daɗe suna maganar miƙa dogo daga Ngaundare zuwa Njamena. Tun ran gini ran zane: hanyar da aka shata a 1974 ita muke bi bayan shekara hamsin. Idan aka zo shata ta gaba, ya kamata manoman shinkafa da fatake su tambaya ta ina za ta bi, da me kuma za a ja kayan.