Kwamfuta da Akwatin Wasa: Wa Ya Kada Wa a Ƙasar Kazaure?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta kaure a ɗakinmu na kwana cikin zangon karatun da ya wuce, tsakanin wani ɗan ajinmu da wani abokinmu mai karatun kimiyyar kwamfuta. Shi ɗan ajin namu cewa ya yi wasan kwamfuta ya mutu murus, akwatunan wasa irin su PlayStation sun yi masa jana'iza. Shi kuwa ɗaya ya rantse ya maya cewa kwamfuta tana nan daram. Aka yi ta ja-in-ja har dare ya raba. Ni dai ina kwance ina saurare, sai na lura duk su biyun labarin Amurka da Japan suke yi, ba wanda ya ambaci garinsu ko sau ɗaya. Ni mutumin Kazaure ne, kuma ina da dangi a Roni da Gwiwa da Babura. Don haka na ga ya kamata in bi sawun wannan al'amari a ƙasarmu, in ga ko amsar da ake bayarwa a can ita ce tamu.

Kafin in yi nisa, bari in bambance abubuwan nan biyu saboda malamanmu da ba su taɓa shiga gidan gem ba. Kwamfuta dai an san ta: ana rubutu da ita, ana lissafi, in an ga dama kuma a yi wasa. Akwatin wasa kuwa wata 'yar na'ura ce da ake jona wa talabijin, babban aikinta shi ne wasa, kuma ana sarrafa ta da wani abu mai maɓallai da muke kira hannu.

A can inda abin ya samo asali, kwamfuta ce yaya. Tun cikin 1962 wasu masu bincike a makarantar MIT ta Amurka suka ƙirƙiri wasan Spacewar a kan wata ƙatuwar kwamfuta. Sai a 1972 aka fara sayar da akwatin wasa na gida mai suna Magnavox Odyssey, sa'an nan kamfanin Atari ya fito da nasa a 1977. Kasuwa ta yi ta bunƙasa har 1983, shekarar da ta rushe a Amurka saboda an cika ta da wasanni marasa kan gado. A lokacin nan mutane da yawa sun ɗauka akwatin wasa ne ya mutu, kwamfuta ta gaje shi. Ashe a wannan shekarar ce kamfanin Nintendo ya fito da Famicom a Japan, wanda ya farfaɗo da kasuwar. Sega ya biyo baya da Mega Drive a 1988, Sony ya kawo PlayStation a ƙarshen 1994 da PlayStation 2 a 2000, sai aka juya maganar, aka koma cewa kwamfuta ce za ta mutu. Ita ma ba ta mutu ba. A 2003 aka buɗe Steam, watau kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, kuma a 2025 an ga mutum fiye da miliyan 40 a kanta a lokaci guda. Har Sony da kansa, daga 2020, ya fara sakin wasu manyan wasanninsa a kan kwamfuta. Saboda haka in a kan duniya ake magana, abokinmu na kimiyya shi ke da gaskiya. Sau biyu ana haƙa kabari, ba a sami gawa ba.

To, amma mu fa?

Mu a ƙasar Kazaure, kafin talabijin ta shigo gidaje, wasa abin dandali ne. Manya suna gindin bishiya suna dara, gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ga 'yan kallo sun yi da'ira, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Samari suna langa da daddare in da farin wata, 'yan mata suna 'yar carafke. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan hoton na masu dara da 'yan kallonsu, domin za mu sake cin karo da shi nan gaba.

Abin da yayyenmu da kawunnanmu suka ba ni labari shi ne, wasan na'ura ya fara shigowa ne cikin shekarun 1990, watau daidai lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa daga Jihar Kano a 1991. Na farko da suka sani shi ne ɗan ƙaramin abin nan na hannu mai batir, wanda ake jera tubali a cikinsa. Daga nan sai akwatunan Sin masu kwaikwayon Famicom, masu kaset rawaya da aka rubuta wa cewa akwai wasa ɗari tara da casa'in da tara a ciki, alhali in ka bincika wasa biyar ne ko shida ake ta maimaitawa. A kansu aka san Super Mario da Contra. Sai Sega da wasan faɗa na Mortal Kombat. Duk daga Kano ake sayo su, mafi yawa daga kasuwar Sabon Gari, wasu sababbi, wasu 'yan kwatano. Gidajen da ke da su kaɗan ne, gidan ma'aikaci ko na attajiri, kuma yaron gidan ya zama sarki a unguwa, kowa yana lallashinsa.

Kwamfuta fa, ina take a lokacin? Tana ofis, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Ta fara kusantar talaka ne a farkon shekarun 2000. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, kuma ɗan Kazaure ne, aka kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a garin, wadda jama'a suka fi sani da Infomatiks. Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Ɗalibai suka yawaita, shagunan buga takardu da kafe suka buɗe. In akwai garin da ya kamata wasan kwamfuta ya kafu a wannan yanki, Kazaure ne. Amma bai kafu ba. Abin da aka yi kawai shi ne wasan sata: mai buga takardu in ba ciniki sai ya buɗe wasan kartar nan na Solitaire, wanda kamfanin Microsoft ya sa cikin Windows tun 1990, ɗalibi kuma ya ɓoye wasan tseren mota a kwamfutar aji, in ya ji tafiyar malam ya rufe.

Dalilan ba boyayyu ba ne. Kwamfutar da za ta ɗauki wasa mai nauyi tana da tsada, tana son wuta mai ɗorewa, in aka ɗauke wuta ba zato tana iya lalacewa, ga ƙurar hunturu, ga ƙwayar cuta da ake ɗebowa a filashi. Mai kafe kuma sayar da lokacin intanet yake yi, ba zai bar yaro ya ragargaza masa maɓallai a kan naira ashirin ba. Akwatin wasa kuwa jaki ne: ƙaramin janareta ya ishe shi da talabijin biyu ko uku, in an ɗauke wuta a sake kunnawa, shi ke nan. Bugu da ƙari, masu gyara sun iya yi wa PlayStation aiki a ciki ta yadda za ta karɓi faifan da aka kwafa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wannan satar fasaha ce, ban ce daidai ba ne, amma wanda ya rubuta tarihin nan bai ambace ta ba ya ɓoye rabin gaskiya.

Sai dai a ganina babban dalili ya wuce kuɗi da wuta. Kwamfuta kujera ɗaya gare ta, mutum ɗaya, fuska ɗaya. Akwatin wasa hannu biyu gare shi, kuma talabijin kowa na gani. Ka tuna da masu dara? To, gidan gem gindin bishiya ne aka yi wa rufin kwano. Ni na tashi na tarar da shi a zamanin PlayStation 2, domin ko da yake Sony ya fito da ta uku tun 2006, ta biyun ce ta daɗe tana mulki a wajenmu. Shago ne ƙarami, benci biyu, labule a ƙofa, zafi kamar gidan burodi. Mutum biyu ke wasa, goma sha biyar na tsaye a kansu. Wasan kuwa kusan ɗaya ne, ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami da ake kira Winning Eleven ko PES, daga baya FIFA ta shigo. Wanda ya kalli Arsenal ko Barcelona a gidan kallon ƙwallo jiya, yau zai zo ya rama abin da aka yi wa ƙungiyarsa da yatsunsa. Akwai ma ƙa'ida: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Malaminmu na Islamiyya ya ce wannan ƙanwar caca ce, kuma ba sau ɗaya ba ya biyo mu har ƙofar shagon da dorina. Da na girma na duba maganar, sai na ga ba a banza ya faɗa ba. Ni kaina na taɓa kai kuɗin cefane can, na dawo gida ba gishiri ba magi, abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba.

A Roni da Gwiwa da Babura, inda nakan je hutu, abin da na gani ya ƙara ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Wuraren da ban taɓa ganin kwamfuta ba sai a sakatariyar ƙaramar hukuma, na ga gidan gem a bakin tasha, janareta na ruri a waje, ranar kasuwa har layi ake yi. Ke nan a ƙasarmu ba a yi kokawa tsakanin kwamfuta da akwatin wasa ba balle a ce wani ya kada wani. Kwamfuta ba ta shiga fagen ba.

Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, kuma a cikin 'yar Nokia akwai wasan macijin nan da kowa ya sani. Ba wanda ya ɗauke shi abokin hamayya. Da wayoyin Android masu araha irin su Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwa, sai labari ya sha bamban. Ƙwallon da muke biya mu buga ta koma aljihu. Free Fire ya fito a 2017, PUBG na waya a 2018, Call of Duty na waya a 2019. Waya ba ta bukatar janareta, mai caji na bakin kasuwa ko ɗan faifan sola ya wadatar. A duniya ma kusan rabin kuɗin da ake samu a harkar wasanni yanzu daga waya yake fitowa, abin da masu gardamar ɗakinmu duk suka manta, alhali kowannensu da wayarsa a hannu yake magana.

Sa'an nan ga tsada ta zo ta ƙarasa. PlayStation 5 da ta fito a 2020 dala 499 aka sa mata, kuma ba a yi mata aikin da ake yi wa ta biyu cikin sauƙi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai gidan gem da ke dogaro da kuɗin yara, ya ƙara farashi yara su gudu, ya bar shi yadda yake mai ya cinye ribar. Gidajen ba su ƙare ba, akwai masu PlayStation 4 da har yanzu ake cika su da yamma, amma shagon da na koyi wasa a cikinsa yanzu cajin waya ake yi a ciki.

Akwai wani abu da ke damuna a cikin wannan tarihi, shi ne ma ya hana ni yin dariya da gardamar. Wasa a kwamfuta ƙofa ce. Yaron da ya sa wasa da kansa, ya ƙi tashi, ya yi ta laluben dalili, ya koyi kwamfuta bai sani ba. Shi kansa Solitaire an sa shi ne don mutane su saba da jan linzami. Akwatin wasa da waya ba sa koyar da wannan, a rufe suke, ka danna su yi. Mu da muka tsallake kwamfuta muka faɗa kansu, mun ga sakamakon ranar jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta mayar da ita gaba ɗaya haka. Ranar da na rubuta tawa, wanda ke kusa da ni ɗan ƙauyen kakannina ne, gwani ne da ba a iya cin sa a PES, yatsunsa kamar walƙiya. Na ga ya ɗaga linzamin sama yana juya shi a iska, yana neman inda zai danna, lokaci kuwa na tafiya. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. A 2021 an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, kuma yaran da za su nemi shiga cikinta daga waɗannan garuruwa huɗu, da yawansu irinsa ne.

Da hutun da ya wuce na je Gwiwa gaishe da kakata. Da yamma na fita, na tarar da tsofaffi uku a gindin darbejiya suna dara, ba ɗan kallo ko ɗaya. Can gefe kuwa samari ne wajen takwas a kan dakali, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Na yi sallama sau biyu kafin ɗaya ya ɗago. Na tambaye shi da wa yake bugawa, ya ce da wani mutumin Indiya, kuma ana gab da cin sa, in yi masa haƙuri.