Jirgin da Ya Bar Farautar Jirage Ya Koma Auna Ƙasa

Duk lokacin da aka tayar da zancen mai a yankin Tafkin Chadi, hankalinmu kan tafi ga rijiyoyi. Amma kafin a haƙa rijiya akwai tambayar da ake fara yi: nawa ne kaurin yashi da lakar da suka taru a wurin kafin a iske dutsen tushe? Na'urar da ke amsa ta, yaƙi ne ya raine ta.

Wajen 1940 Victor Vacquier, masani a sashen bincike na kamfanin mai na Gulf a Amurka, ya ƙera ma'aunin maganaɗisu da jirgin sama zai iya ɗauka. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ruwa suka yi amfani da shi wajen gano jiragen yaƙi masu nutso, domin ƙarfen jikinsu yana karkata maganaɗisun duniya. Da yaƙi ya zo ƙarshe sai aka juya shi ga ƙasa, aka gwada shi a arewacin Alaska a 1945.

Dabarar ba ta da wuya. Duwatsun da suka samu daga yashi da laka ba su da maganaɗisu sosai, tsohon dutsen da ke ƙarƙashinsu kuwa yana da shi. Idan yana kusa, alamarsa kan fito da kaifi a taswira. Idan ya yi nisa, sai ta baje ta yi laushi, kamar ganga da ake jiyowa daga wani ƙauye. Daga faɗin alamar ake lissafa zurfin. Zurfin kuwa shi ne magana, don mai ba ya nuna sai an binne tushensa kilomita biyu zuwa huɗu, inda zafi ya wuce digiri 60.

A Najeriya an yi irin wannan shawagi a shekarun 1970. An sake shi a shekarun 2000, inda jiragen kamfanin Fugro suka riƙa bin layuka masu tazarar mita 500, suna tashi mita 80 kacal daga ƙasa.

Sai dai taswira ba ta taɓa yi mana alkawarin mai ba. Kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangarenmu na kwarin Chadi, bai samu na sayarwa ba, alhali Nijar ta samu a Agadem, har ta buɗe matata kusa da Damagaram a 2011. Dutsen aman wuta da ya kutsa cikin laka ma kan ruɗi lissafin, ya nuna wuri mai zurfi kamar marar zurfi.

Dole ne dai mutum ya taka ƙasa ya tabbatar. A Yulin 2017 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna kusa da Magumeri, cikinsu har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka rasa rayuka da dama. Mun daɗe da samun awon daga sama. Hanyar zuwa wurin lafiya ce har yanzu muke jira.