Tarihin Farautar Manyan Kifaye a Tekun Kyuba da Bimini: Sunan Wa Aka Rubuta?

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala wata 'yar gardama ce da muka yi da abokin kwanana a ɗakin ɗalibai, wanda yake ɗan masunta ne daga bakin Kwara. Na ari littafin Ernest Hemingway mai suna The Old Man and the Sea, watau Tsoho da Teku, daga laburare. Da na gama na shiga ba shi labarin yadda attajirai kan kashe dukiya su shiga teku su yi awa uku ko huɗu suna ja-in-ja da kifi ɗaya, ba don ci ko sayarwa ba, sai don a auna shi a rubuta sunansu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sa'an nan ya ce, "To, malam, shi attajirin wa ya nuna masa inda kifin yake kwana?" Ban iya ba shi amsa ba a ranar. Abin da ke biye ƙoƙarina ne na biyan wannan bashi, domin tambayar tasa ta shafi duk mai nazarin tarihi.

Kifin da ake magana a kansa

Sarkin wannan farauta shi ne kifin da ake kira malin. Dogo ne, bayansa shuɗi, cikinsa fari, kuma leɓensa na sama ya miƙe ya zama tsini kamar mashi, da shi yake kaɗe ƙananan kifaye kafin ya haɗiye su. Yana zaune ne a ruwan ɗumi mai zurfi, nesa da gaɓa. Giwan ruwan da ake cin gasa da shi a Argungu bai cika wuce kilo 80 ba, amma malin kan haura kilo 450. Abin lura a nan shi ne, duk waɗanda suke kai wannan girma mata ne, domin namijin shuɗin malin da wuya ya wuce kilo 160. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsakanin tsibirin Kyuba da jihar Fulorida ta Amurka akwai wani ruwan ɗumi mai gudu a cikin teku, tamkar kogi marar gaɓa, wanda ake kira Galf Sitirim. Yana ratsawa dab da birnin Habana, sa'an nan ya karkata arewa ya wuce ta gefen Bimini, wasu 'yan tsibirai na ƙasar Bahamas da ke kimanin kilomita 80 gabas da Miyami. Wannan ruwa shi ne hanyar da malin da manyan kifayen tuna suke bi, shi ya sa waɗannan wurare biyu suka yi suna.

Tun kafin wani mai shaƙatawa ya leƙo, masuntan Kyuba, musamman na ƙauyen Kohimar da ke gabas da Habana, suna kama malin don abinci da kasuwa. A ƙananan jirage suke fita tun da asuba, mutum ɗaya ko biyu, su saki igiyoyi masu ƙugiya da ƙoto, kowace a nata zurfin, su bar ruwa ya yi ta tafiya da su. In kifi ya kama, da hannu ake jansa har ya gaji, a soke shi da zago, a ɗaure shi a jikin jirgi a nufi gida.

Yadda su ya zama wasa

Wasan kansa a Kalifoniya aka haife shi. A shekarar 1898 wani masanin halittu mai suna Charles Frederick Holder ya kama tuna mai nauyin laba 183, watau kilo 83, da sandar fatsa mai na'urar naɗe zare, kusa da tsibirin Katalina. A wannan shekara ya kafa kulob ɗin masu kamun tuna a garin Abalon, suka ƙayyade kaurin zaren da aka yarda a yi aiki da shi, wai don kifi ma ya sami damar tsira. Daga nan aka raba hanya da masunta. Masunci yana neman hanya mafi sauƙi ta kawo kifi gida, shi kuwa ɗan wasa da gangan yake tsananta wa kansa.

Abu biyu suka yaɗa wasan zuwa tsibiran ƙasashe masu zafi: jirgi mai inji, da kuɗi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zane Grey, wani likitan haƙori da ya yi arziki da rubuta littattafan kaboyi, ya zuba dukiyarsa a yawon teku, har a 1930 ya kama malin mai laba 1,040 a Tahiti. Shi ne na farko da ya haura laba 1,000 da sanda, ko da yake kifayen shak, kurayen teku, sun yagi rabonsu kafin a kai shi ma'auni.

Hemingway da malamansa

A watan Afrilu na 1932 Hemingway ya tsallaka daga Key West zuwa Habana a jirgin wani abokinsa Joe Russell, da niyyar yin mako biyu, sai ga shi ya share wata biyu. A wannan zamani ne ya soma aiki da Carlos Gutiérrez, wani masunci ɗan Kyuba da ya haura shekara 50, wanda tun yana yaro yake su a wannan ruwa. Gutiérrez ne ya san watan da kowane irin malin yake zuwa, da zurfin da yake kiwo, da yadda ake ɗaura ƙoto ya yi iyo kamar mai rai. Ga amsar abokina ta farko ke nan.

A 1934 Hemingway ya sayi nasa jirgin mai tsawon ƙafa 38, a kan kimanin dala 7,500, ya raɗa masa suna Pilar, Gutiérrez kuma ya zama babban ma'aikacinsa. A wannan shekara masana biyu daga cibiyar nazarin halittu ta Filadelfiya, Charles Cadwalader da Henry Fowler, suka zo suka zauna a jirgin suna aunawa da rarrabe ire-iren malin. Shekara ɗaya bayan haka Fowler ya raɗa wa wani kifi da ya gano sunan Hemingway don girmamawa. Sanin da aka tara a jirgin nan na mutum biyu ne aƙalla, amma sunan ɗaya ne ya shiga littafin masana.

Daga 1935 zuwa 1937 Hemingway ya riƙa zuwa Bimini. Matsalar wurin ita ce shak. In aka daɗe ana fama da babban kifi, kafin a jawo shi sun cinye rabi. A hanyarsa ta zuwa karon farko ma, garin harbin wani shak da ƙaramar bindiga, ya harbi ƙafafunsa bisa kuskure, dole aka koma gida neman likita. Daga baya abokinsa Mike Strater, mai zane, ya kama wani ƙaton malin. Hemingway ya buɗe wa shak wuta da bindiga mai sarrafa kanta don ya kore su, jinin kuwa ya ƙara kiran wasu, abin da aka fitar bai wuce laba 500 ba. Dabarar da ta yi aiki a ƙarshe ita ce a matsa wa kifi lamba ba hutu, a jawo shi da sauran ƙarfinsa kafin kurayen su taru. Da ita ya zama na farko da ya fitar da babban tuna a Bimini ba tare da an gutsure shi ba.

A 1936 ya buga wani ɗan rubutu a mujallar Esquire, a ciki ya kawo labarin wani tsohon masunci na yankin Kabanyas da malin ya ja jirginsa kwana biyu, shak kuma suka cinye kifin. Masu nazarin rayuwarsa suna danganta wannan labari ga Gutiérrez. Shi ne ƙwayar da ta tsiro ta zama littafin da na ara. An buga shi a mujallar Life a watan Satumba na 1952, aka sayar da kofe fiye da miliyan 5 cikin kwana biyu, a 1954 kuma marubucin ya sami kyautar Nobel. Amma tun 1938 Gutiérrez ya bar Pilar, Gregorio Fuentes ya maye gurbinsa.

Doka da littafin bajinta

Da wasan ya bunƙasa, gardama ta yi yawa a kan wa ya fi wa. Saboda haka a 1939 Michael Lerner, wani attajiri mai yawan zuwa Bimini, tare da wasu suka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan wasa, IGFA, a gidan tarihin halittu na Niyok, Hemingway kuma ya zama ɗaya daga mataimakan shugabanta. Ga kaɗan daga dokokinta. Daga lokacin da kifi ya kama ƙugiya, ba wanda zai taɓa sanda ko zare sai ɗan wasa. Ba a harbin kifi, ba a jifarsa da zago. Kifin da shak ya gutsura ba ya shiga lissafi. Kuma akwai iyakar ƙarfin zare, wadda a yau ita ce kilo 60.

Dokokin suna da kyau, amma mu dubi abin da suka haifar. Direban jirgi shi ke gano kifi, shi ke juya jirgi gaba da baya yana bin sa. Ma'aikaci shi ke ɗaura ƙoto, shi ke naɗa wayar ƙarshe a hannunsa ya jawo dabba mai mashi zuwa jikin jirgi, aikin da ya fi kowane haɗari. Ɗan wasa yana ɗaure a kujera yana ja, kuma ban raina wahalarsa ba. Sai dai a jerin gwanaye sunansa ne ake bugawa, da nauyin kifi, da wuri, da rana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Alal misali, ran 4 ga Agusta 1953 Alfred Glassell, mai arzikin man fetur daga Teksas, ya kama baƙin malin mai laba 1,560, watau kilo 707, a Kabo Bilanko ta ƙasar Peru, bayan awa ɗaya da minti 45. Har yau ba a karya wannan bajinta ba, kuma duk mai sha'awar wasan ya san sunan Glassell. Masu iya kawo sunayen waɗanda suke cikin jirgin tare da shi kaɗan ne ƙwarai.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Hemingway ya ambaci Gutiérrez da suna a rubuce-rubucensa, kuma gwarzon littafinsa matalaucin masunci ne. Masuntan Kohimar ma ba su ɗauke shi azzalumi ba. Bayan mutuwarsa a 1961, su ne suka tara tagullar farfelar jiragensu aka narka aka yi gunkin kansa, aka kafa a bakin ruwan ƙauyen a 1962. Fuentes kuwa ya rayu a Kohimar har 2002, ya mutu yana da shekara 104, baƙi suna ta zuwa ganinsa. To amma ko shi, albarkacin wani ake nemansa.

Daga ratayewa zuwa saki

Hotunan wancan zamani duk iri ɗaya ne: kifi a rataye ta wutsiya, ɗan wasa a gefe riƙe da sanda. In mun tuna abin da na ce a baya, kowane ƙato a waɗannan hotuna uwa ce mai ɗauke da miliyoyin ƙwai. Amma ɓarnar da ta fi wannan daga wani wuri ta zo. Daga tsakiyar shekarun 1950 manyan jiragen kamun tuna, na Japan da farko, suka shigo Tekun Atlantika da irin mamarinsu, igiya mai tsawon kilomita da yawa ɗauke da dubban ƙugiyoyi. Ba malin suke nema ba, amma ƙugiya ba ta tambayar suna. A 1966 aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar kula da tuna da danginsa a Atlantika, a 2011 kuma aka sa shuɗin malin cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana.

'Yan wasa su ma sun sauya hali. A 1954 Frank Mather na cibiyar nazarin teku ta Woods Hole ya fara shirin maƙala wa kifi 'yar alama mai lamba a sake shi, domin in an sake kama shi a san inda ya je. Ta haka aka tabbatar malin yana ƙetare teku daga wannan nahiya zuwa waccan. A 2012 Amurka ta yi dokar hana sayar da malin a yawancin ƙasarta. Gasar Hemingway ta Habana, wadda aka fara a 1950, wadda kuma Fidel Castro ya ci kofi a cikinta a 1960, ita ma ta koma tsarin a kama a saki. A nan wata tambaya ta taso. Mai shaƙatawa in ya saki kifi hoto kawai ya rage masa, ba ya kwana da yunwa. Masuncin da ke fita da ƙaramin jirgi kuwa, abin da zai saki shi ne abincin gidansa, alhali ba shi ya ƙarar da kifin ba.

Kammalawa

Na koma wa abokina da wannan bayani, na ce masa sunan mutumin da yake tambaya Carlos Gutiérrez. Ya ce madalla, amma sai da na tona littafi nawa kafin in same shi? Na ce da dama. Ya ce kakansa ya fi shekara 50 a kan ruwa, ya san kowane gurbi da sunansa, kuma ko a takarda ɗaya ba a rubuta shi ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu shirin rubuta kundin kammala digiri, ita ce duk lokacin da muka ga suna ɗaya a ƙarƙashin wata bajinta, mu tambayi su wa ke cikin jirgin. In mun je ƙauye neman bayani wurin masunci ko maƙeri ko masaƙi, mu rubuta cikakken sunansa da garinsa da ranar da muka zanta da shi, in ya yarda, kada mu taƙaita shi da "wani dattijo". Ni da abokina mun yi alkawarin zuwa wurin kakan nasa da rikoda a hutun da ke tafe. Allah ya kai mu, ya sa mu same shi lafiya.