Teburin Mai Shayi a Tsohuwar Maiduguri

Ana sallame sallar asuba a Tsohuwar Maiduguri, kafin rana ta fara nuna halinta na Borno, benci ya riga ya cika a gaban mai shayi. Kowa ya zo sai ya miƙa hannu kan tulin burodin da aka sauke daga gidan burodi, ya ɗauki guda, ya ɗan matsa shi, ya jinjina nauyinsa a tafin hannu, sannan ya ce, "Malam, yanka min rabi, a sa bota." Ba wanda ya koya wa kowa wannan matsawar. Gado ce ta mutanen da suka daɗe da gane cewa in fulawa ta yi tsada, mai gidan burodi ba ya gaggawar ƙara kuɗi, ƙullin yake fara ragewa.

Unguwar da yau ake kira Old Maiduguri, cikin ƙaramar hukumar Jere, ta girmi birnin da ya ɗauki sunanta. Tana nan a matsayin gari mai kasuwa tun kafin 1907, shekarar da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa, wadda mayaƙin nan Rabe ya rusa a 1893, ya kafa sabuwar fada a Yerwa kusa da kogin Ngadda. Yerwa ta bunƙasa, ta haɗiye maƙwabta, har sunan Maiduguri ya rufe duka, aka bar ainihin mai sunan da laƙabin tsohuwa.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Borno. Manoman bakin kogin Yobe sun daɗe suna noma ta da rani, suna ban ruwa da jigo, kuma Heinrich Barth, Bajamushen da ya isa Kukawa a 1851, ya tarar da ita. Sai dai abincin manya ce da na ranar biki, irin wadda ake yin alkaki da funkaso da gurasa da ita. Talaka na kan geronsa, da kunu da burabusko. Shi ma shayi haka ya fara: shi da sukari suna cikin kayan da ayarin Arewacin Afirka ke tsallako Sahara da su a ƙarni na 19, ana shan sa a ƙananan kofuna a zaurukan attajirai da malamai. Unguwar Fezzan da ke tsakiyar Yerwa har gobe tana ɗauke da sunan ƙasar da wasu daga cikin fataken nan suka fito.

Burodin gwangwani kuwa daga kudu ya hauro. A Legas wani ɗan Jamaika, Amos Shackleford, ya yi suna da sana'ar a shekarun 1920, har aka yi masa laƙabi da sarkin burodi. A 1962 kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa alkamar ƙetare a Apapa, bayan shekara biyu kuma layin dogo ya iso Maiduguri. Daga nan abubuwa suka biyo juna da sauri. Garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975, kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Masinja, lebura, direba, ɗan kamasho, ɗalibi: mazaje masu yawa da suka baro iyali a ƙauye, ga su da sammakon aiki, babu mai dama musu kunu. Su ne suka raya teburin mai shayi, shi kuma ya raya gidan burodi, domin babu mai sayen burodi da yawa a kullum kamarsa.

Abin da mai saye ke samu a wannan teburi ya wuce karin kumallo. Akwai yarensa. Wanda aljihunsa ke da nauyi ya ce a yi masa haɗin kauri, madara da Bournvita ko Milo har cokali ya kusa tsayawa. Wanda wata ya yi wa nisa ya nemi ruwan bunu, ba madara, sai ƙamshin citta da kanumfari. Mai shayi ya ɗaga kofi sama ya sheƙa cikin wani, ya mayar, har zafin ya sauka kumfa ta taso, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Gaisuwa ta fara da "Wushe" ta ƙare da Hausa, wani ya sa baki da Larabcin Shuwa. Rediyo na rataye jikin ƙusa, ana jiran shirin safe na BBC Hausa, ana gamawa kuma benci ya zama majalisa. Sannan ga littafin bashi, wanda a gaskiya shi ne ginshiƙin sana'ar. Mai shayi ya san ranar albashin kowa, ya san wanda zai biya da wanda zai sauya hanya. Shi ma da bashi yake karɓar burodin, ya biya in ya sayar. Burodin da ya kwana kuma akwai masu shi, sukan zo can da hantsi su saya da rangwame.

Matsalar ita ce alkamar da duk wannan ya dogara a kanta ba a nan ake noma ta ba. Wasu masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun wallafa littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, inda suka nuna yadda Najeriya ta saba wa bakinta da abincin da sai jirgin ruwa ya kawo shi, akasari daga Amurka a wancan zamani. Borno na cikin wuraren da aka ɗora wa nauyin fitar da ƙasar daga wannan tarko. An kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a 1973, hedikwatarta a Maiduguri, aka haƙa manyan magudanai a yankin Marte don a jawo ruwan tafki zuwa gonakin alkama da shinkafa. An kafa cibiyar binciken Tafkin Chadi a 1975, daga baya aka gina kamfanin niƙa fulawa a garin. Tafkin ne ya ƙi ba da haɗin kai. Wanda a farkon shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya sa ya ja da baya, ya bar bakin magudanan a bushe.

Duk da haka, a 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama. Injinan niƙa suka rasa abin niƙa, gidajen burodi da dama a faɗin ƙasar suka rufe, waɗanda suka rage suka koma ga fulawar da ake satar shigowa da ita ta iyakoki, wasu suka shiga gauraya ta da garin masara ko dawa. Sai a 1992 aka janye dokar. Shekarun da suka biyo baya sun sauya fasalin teburin kansa. Madarar gari ta Cowbell a 'yar leda, wadda ta shigo kasuwa a 1993, ta sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, Indomie kuma ta zo ta zauna kusa da wainar ƙwai har ta nemi ture burodi daga abincin dare.

Wani abin lura: Borno na iyaka da ƙasashe uku da Faransa ta raina, kuma direban da ya bi hanyar Dikwa da Gamboru Ngala ya kai Kusuri ko Injamena zai karya da dogon burodi mai ɓawo, irin na Faransawa. Bai taɓa kama kasuwa a nan ba. Bakin Maiduguri ya fi son mai laushi, mai zaƙi-zaƙi, wanda zai sha shayi ya jiƙe. Son laushi da kumburin nan ne ma ya ja wasu masu gidajen burodi ga sinadarin buromet, wanda hukumar NAFDAC ta yi ta farautar masu amfani da shi a zamanin shugabarta Dora Akunyili.

Daga Yulin 2009, da rikicin masu tada ƙayar baya ya ɓarke a garin, sana'ar ta shiga mafi munin kwanakinta. Cinikin mai shayi na asuba ne da na dare, su kuwa dokar hana fita ta fara cinyewa. A 2011 aka hana hawa babur a cikin gari, masu rarraba burodi suka koma kan keke da baro da Keke Napep, 'yan acaɓa da suke cika benci suka watse. Taron mutane a bakin titi ya zama abin tsoro ga masu zama da jami'an tsaro baki ɗaya. Gonakin alkamar Marte suka zama kufai. A gefe guda kuma dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo daga Bama, Dikwa, Gwoza, Monguno da Baga, da yawansu suka sami mafaka a gidajen 'yan uwa a unguwanni irin Tsohuwar Maiduguri, kuma buta da tebur na daga cikin sana'o'in da mai ƙaramin jari zai iya kamawa.

Zuwan ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ya ƙara wa wani nau'in ciniki ƙarfi: shagunan burodi masu kwandishan da akwatin gilashi cike da kek da donat, ga kujerun zama da na'urar cirar kuɗi. A can ba a matsa burodi, yana cikin leda da tambari da lambar rajista. Ba a kuma rubuta bashi.

A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya daɗe a duhu, injin murza kwaɓi ya koma shan dizal. Yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya, cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin dakonta daga Legas. Sannan a ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi a 1994, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da sassa masu yawa na Jere, ya jiƙa buhunan fulawa da itacen gashi. A kwanakin farko, da babu murhun da za a hura, burodi da ruwan leda na cikin abin da masu taimako suka riƙa kai wa mutanen da suka tsira kan tudu da sansanin Bakassi.