Aljiyas zuwa Tamanrasat: tafiyar da ta ci Janar Laperrine

Tsakanin Aljiyas, babban birnin Aljeriya, da Tamanrasat, garin Buzaye da ke cikin duwatsun Ahaggar, akwai kusan kilomita 1,570 a miƙe ta sama. Paris ta fi kusa da Aljiyas a kan wannan gari. Kano kuwa ta fi Aljiyas kusa da shi, domin tazararsu ba ta kai kilomita 1,300 ba. A yau jirgin Air Algérie yakan cinye hanyar cikin kimanin awa biyu da rabi. A 1920, sa'ad da jirage suka fara bin ta, alƙalumman taswira ba su da wani amfani ga matuƙi. Abin da ya dame shi shi ne inda zai samu fetur, da kuma yadda zai gane inda yake.

A watan Fabrairu na shekarar, sojojin Faransa suka tashi daga Aljiyas da ƙananan jirage samfurin Breguet, da niyyar keta Sahara har Tumbuktu. Tankin jirgin bai isa tafiyar ba, don haka sai da aka riga aka jibge mai a zango-zango, motoci da raƙuma ne suka kai shi. Jiragen suka bi ta Biskra da Wargla da In Salah, suna sauka suna tashi, har suka isa Tamanrasat bayan kwanaki. Wato dai jirgin sama, sabon abin alfaharin Turawa, bai iya zuwa ko'ina sai inda raƙumi ya riga shi.

Ranar 18 ga Fabrairu jirage biyu suka bar Tamanrasat suka nufi kudu. Ɗaya na ɗauke da Janar Henri Laperrine, wanda ya kafa rundunar sojojin raƙuma ta Sahara a 1902, mutumin da ba Bafaranshen da ya fi shi sanin hamadar. Su uku ne cikin jirgi mai kujera biyu: shi, da matuƙi Bernard, da makanike Vaslin. Hazo ya rufe ƙasa, iska ta karkatar da su gabas ba su sani ba. Da mai ya ƙare suka sauka dole, jirgin ya kife a kan yashi, janar ya samu karaya.

Sun gwada tafiya a ƙafa, suka rasa rijiya, suka komo gindin jirgin suna shan ruwan lagiretonsa. Masu nemansu kuma suna can suna dube-dube a kan hanyar da ya kamata su bi. Laperrine ya mutu ranar 5 ga Maris. Bayan kwana tara wani ayarin sojojin raƙuma ya ci karo da sauran biyun, da sauran numfashi. Ɗaya jirgin, na Kwamanda Vuillemin, ya kai Menaka a Mali ta yau, daga baya ya ƙarasa Dakar, shi ne na farko da ya keta Sahara ta sama.

An binne Laperrine a Tamanrasat, Faransawa suka raɗa wa garin suna Fort Laperrine, sunan da ya tafi tare da su a 1962. Mafi yawan 'yan Nijar da 'yan Nijeriya da ke shiga garin a yau ta ƙasa suke zuwa, daga Agadas da Arlit su ratsa Assamaka, sannan su bi kilomita 400 da ke tsakanin In Gezzam da Tamanrasat.